Wuƙar Kanti Da Barhon Maƙeri: Abin Da Na Gani A Bobi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da wuƙaƙe a kasuwa ya san abin da mai saye yakan yi. Zai ɗauki wuƙa ya jujjuya ta, ya ɗora babban yatsa a bakinta ya ɗan shafa, in ya ji tana kama fata sai ya gyaɗa kai, a shiga ciniki. Wani ma har yakan aske gashin damtsensa don 'yan kallo su shaida. To, jama'a, wannan gwaji abu ɗaya tak yake nunawa, watau an wasa wuƙar kwanan nan. Ko murfin gwangwani ne, in ya sami mai haƙurin wasa shi, zai yi aski. Amma mutumin da zai rataya wuƙa ya nufi daji tun asuba, ba zai komo ba sai almuru, tambayarsa ta wuce nan. Shi so yake ya san abin da ƙarfen zai yi ran da ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, domin ko ba daɗe ko ba jima sai ya gamu da shi. Lanƙwashewa zai yi a miƙe shi, ko kuwa tsinkewa zai yi ya bar mai shi da ƙota a hannu?

Na daɗe ina jin wannan magana a bakin manya, amma a ƙasar Bobi na ga an gwada ta a fili. Ga wanda bai san wurin ba, Bobi tana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, kuma matafiyin da ya taso daga Tegina ya nufi Kontagora ta nan yake ratsawa. Ƙasa ce ta noma da kiwo, a nan ne kuma gwamnati ta keɓe wa makiyaya fili mai faɗin hekta wajen 30,000. Da damina gamba takan shanye tsayin mutum, ga kaɗanya da ɗorawa da marke da ƙirya ko'ina. A irin wannan wuri babbar wuƙa, wadda muke kira barho, ba kayan ado ba ce. Da ita ake yanke igiya, a fere ƙotar fartanya, a sare reshe a ba shanu ganye da rani, a datse sarƙaƙiya a sami hanya. Aikinta mafi nauyi kuwa shi ne ranar da saniya ta faɗi can cikin daji tana shure-shure. A wannan lokaci, tsakanin nama na halal da za a kai wa mahauta a rage asara, da mushen da za a bar wa ungulaye, babu kome sai wuƙar da ke ƙugun makiyayi. In ta ba shi kunya, dukiyar shekaru ta tafi cikin minti biyu.

Ga kuma halin da aka shiga na rashin tsaro. Tun kafin a sace yaran makarantar Islamiyya ta Tegina a 2021 mutanen wannan yanki suka koyi zuwa gona a gurguje, a yi abin da za a yi a komo da sauran rana. Wanda kayan aikinsa ya karye a gona mai nisa ba ya cewa bari in je gida in ɗauko wani in dawo. Aikin ranar ya mutu ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, a wani ƙauye na wannan ƙasa yake noma, yana kuma da 'yan shanu. Ɗansa, watau taubashina, yana aiki a Abuja, kuma da kaka, bayan an kwashe dawa, muka haɗu a gida ya zo wa mahaifinsa da tsaraba. Wuƙa ce ƙatuwa da ya saya ta intanet, irin wadda Turawa ke kira wuƙar tsira a daji. Tsawon ruwanta inci 10, fara fat tana ɗaukar ido, bayanta da haƙora kamar zarto. Ƙotarta ta ƙarfe ce, kewayayya, cikinta rami. In ka kwance murfin gindinta sai ka ga ashana da allura da fatsa da zarenta, a jikin murfin kuma ga ɗan kamfas mai nuna arewa. Kuɗin da ya biya ya isa a sayi barho huɗu a maƙera har a sami canji. Ba ta ɗauke da sunan wani kamfani da na sani.

Kawu ya karɓa ya sa albarka, ya daɗe yana kallon kamfas ɗin. Da aka yi masa bayanin amfaninsa sai ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma ni da na yi shekara sittin ina salla a dajin nan, yau ne zan nemi mai nuna mini gabas?" Sa'an nan ya ce gobe kasuwa, sai a kai wa maƙeri ya gani. Ni kuwa, da yake aikin jarida ya saba mana da bin inda za a yi gardama, na ce da ni za a je.

Kafin mu isa maƙera, ya kamata mai karatu ya san asalin irin wannan wuƙa, don kada a zalunce ta. A 1963 wani kamfanin ƙera wuƙaƙe na Amurka mai suna Randall ya fito da wuƙa mai ramin ƙota da haƙora a baya, bisa shawarar wani likitan soja da ke aiki a Biyetnam. Manufarta ita ce, in jirgin sama ya faɗi da soja a daji, ya yi amfani da haƙoran ya tsaga jikin jirgin ya fito, a cikin ƙotar kuma ya sami ashana da 'yan magunguna da za su riƙe shi har a zo ceto. Sai a 1982 aka yi fim ɗin First Blood, inda Sylvester Stallone ya fito a matsayin Rambo riƙe da irinta, wadda wani maƙeri Jimmy Lile na jihar Arkansas ya ƙera. Daga nan duniya ta ɗauka, masana'antu suka shiga buga kwaikwayonta masu araha ba adadi. Na asalin an yi su da kyau ƙwarai, masu su kuma suna ji da su. Amma ko su, an tsara su ne don mutumin da zai yi kwana biyu ko uku a daji bisa tsautsayi. Kawuna kuwa dajin nan ne wurin aikinsa kullum, rani da damina.

Maƙerin dattijo ne, ya girmi kawu. Rumfarsa tana bakin kasuwa, jikansa na zaune yana zuga, ga tulin gawayin ƙirya a gefe, wanda maƙera suka fi so don yana da zafi kuma ba ya saurin cinyewa. Ya karɓi wuƙar bai ko taɓa bakinta ba. Ya riƙe ta da yatsu biyu ta sako ƙasa, ya ƙwanƙwasa ta da awartaki, ya kai kunne. Sa'an nan ya ce wa kawu ya ba shi barhon da ke ƙugunsa, wanda shi da kansa ya ƙera shekarun baya, ya yi masa haka. Barhon ya yi amo mai tsawo. Ta kantin ta yi amo ita ma, amma gajere, da wata 'yar kakkarwa a ƙarshe.

Na ce, "Baba, me ka ji?"

Ya ce, "Malam ɗan jarida, ka taɓa sayen tukunya? Mai tsaga ba ta ɓoye kanta in an buga ta. Ruwan wannan lafiya lau yake. Amma akwai magana a wuyanta."

Bai ƙara ba, sai ya ɗauko magagari. Ya goga a bakin wuƙar kanti, magagarin ya zame bai kama ba. Ya goga a bayanta, nan ma ya zame. Da ya koma kan barho, a baki magagarin ya ɗan kama kaɗan, a baya kuwa ya ci sosai har gari na zuba. Taubashina ya washe baki, a zatonsa an gama shari'a, tunda tasa ta fi tauri. Maƙerin ya dube shi ya ce kwalba ma magagari ba ya cin ta.

A nan ne ilmin yake, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tauri daban, juriya daban, kuma a jikin ƙarfe kishiyoyin juna ne, in ɗaya ya ƙaru ɗaya zai ragu. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi kaifi shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, irin wanda ke cikin gawayi. Sifirin ɗin mota, wanda maƙeranmu suka fi yin barho da adda da shi, kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.6 cikin 100 ba, amma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ya bambanta shi da rodin gini. In aka gasa irin wannan ƙarfe ya haura digiri 800, har mayen ƙarfe ya daina kama shi, sa'an nan aka tsoma shi farat ɗaya cikin ruwa ko mai, sai ya daskare da tauri mai tsanani. A wannan hali in ya faɗi a kan dutse yana iya tarwatsewa. Sai an sake ɗumama shi a hankali, tsakanin digiri 200 da 300, ya saki kaɗan daga taurin ya sami juriya. Wannan aiki gaba ɗaya shi ake kira horo, kuma ban san wata kalma da ta fi ta dacewa ba, gama abin da ake yi wa ƙarfen bai bambanta da wanda ake yi wa doki ko yaro ba. In an yi sake ya lalace, in an tsananta ya karye.

A masana'anta akwai murhu mai ma'aunin zafi, akwai kuma na'urar auna tauri da ake kira Rockwell, wadda ke danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe ta auna zurfin ramin. Wuƙaƙen kanti masu kyau sukan tsaya tsakanin 56 da 60 a wannan ma'auni, adda kuwa da gangan ake barinta ƙasa da haka, don aikinta duka ne. Dattijon nan ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idonsa ne ma'auninsa. Ya ce shi ba ya horo da tsakar rana a fili, sai cikin inuwar rumfa ko da yamma, don hasken rana yana ɓoye ainihin jan ƙarfe. In zai sassauta kuma, sai ya goge ƙarfen ya yi fari, ya ɗora bayansa a kan garwashi yana kallon launi na tafiya zuwa baki: da fari kamar busasshiyar ciyawa, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan shuɗi. Kafin shuɗin ya kai baki yake ɗaukewa. Bakin barho kaɗai yake tsomawa a cikin mai, bayan ya bar shi ya huce da kansa. Shi ya sa magagari ya ci bayan ya bar bakin. Na karanta cewa maƙeran Nefal, masu yin lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta sojojin Gurka, su ma da sifirin ɗin mota suke aiki, kuma da buta suke tsiyaya ruwa a bakin wuƙar kaɗai. Ba su taɓa ganin juna da dattijon Bobi ba, ƙarfe ne ya koya musu darasi guda.

Daga nan aka fita bayan rumfa, mutane suka fara taruwa. Aka fara da ɗanyen reshe, kowace ta datse shi ba wahala, kuma gaskiya ta kantin ta fi yanka mai tsabta. Amma kawu, da ya yi sara biyar ko shida da ita, sai ya tsaya yana yarfa hannu. Ya ce nauyinta a hannu yake, ba a kai ba, don haka mutum ne ke yin aikin da ya kamata ƙarfe ya yi masa. Ƙotar kuma da yake kewayayya ce, da gumi ya zo sai ta riƙa juyawa, mutum bai san inda bakin ya fuskanta ba sai ya duba. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga mai sara kusa da ƙafarsa.

Sai busasshiyar ƙirya. Wanda ya san ƙirya ya san abin da ake nufi, itace ne da ake yin turmi da taɓarya da shi, gara ma takan sha wuya a kansa. Barho ya yi ta cin ta kaɗan-kaɗan. Ta kantin ma tana ci, sai dai bayan ɗan lokaci aka fara jin ƙaras-ƙaras a duk sara, kuma ƙarfen da ke tsare yatsu ya fara motsi. Taubashina ya ce a ɗan dakata. Mahaifinsa ya ce a'a, gara ta yi abin da za ta yi a nan gaban mutane da ta yi shi a inda babu kowa.

Wani mahauci ya kawo ƙashin ƙafar sa. Maƙerin ya ce shi ba ya son wannan gwaji, don aikin gatari ne, amma tunda makiyayi yakan yi fiɗa a daji ba gatari kusa, to a yi sara ɗaya-ɗaya. Aka yi. Bakin barho ya ɗan naɗe wuri guda, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Bakin ta kanti kuwa ya yi giɓi, ɗan guntun ya yi tsalle ya ɓace cikin ƙasa. Dattijon ya zauna ya ɗauko dutsen wasa ya tofa masa ruwa, kafin a gama gardamar wanda ya fi rauni ya miƙe bakin barhon ya koma yadda yake. Giɓin kuwa ya ce sai an cinye bakin gaba ɗaya har a kai zurfinsa, kuma da irin taurinta, a kan dutsensa aikin yini ne. Wannan shi ne abin da na fi riƙewa daga ranar. Dukansu biyu sun ji ciwo, amma ciwon ɗaya na warkewa ne a gindin bishiya da dutsen da ke cikin aljihu.

Ƙarshen al'amarin bai daɗe ba. Aka kafa kowace a kan guntun marke ana dukan bayanta da kulki don a tsaga shi, yadda ake yi in ana neman busasshen ciki na hura wuta da damina. Barho ya ratsa. Ta kantin, a duka na huɗu ko na biyar, ruwanta ya tsaya cikin itacen, ƙotar ta biyo hannun kawu. Da aka duba, ashe wutsiyar da ta shiga ƙotar ba ta fi inci ɗaya ba, an ɗaure ta da ɗan noti an cika da gam. Dole ne ma haka ta kasance, tunda an bar cikin ƙotar fili don ashana da allura. Abin da ya sa aka saye ta shi ne ya kashe ta. Wutsiyar barho kuwa ta ratsa ƙotar itacen har ta ɓullo ta gindi an daddake kanta, ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshe. Maganar da dattijon ya ji a wuyanta tun da fari ke nan.

Don ya cika aikinsa, ya sa tsinin barhon a tsagar wani kututture ya danne ƙotar har ruwan ya yi baka, jama'a suka ja da baya. Ya saki, ya komo, saura 'yar karkata kaɗan wadda ya gyara da masaba sau biyu a kan uwar maƙera. Abin ya tuna mini da jarrabawar da ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka ke yi wa mai neman shaidar ƙwarewa. An kafa ƙungiyar a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja. Sharaɗinsu shi ne wuƙar da mutum ya ƙera ta datse igiya mai kaurin inci ɗaya tana rataye da sara guda, ta sare katako mai inci 2 da 4 har sau biyu, bayan haka ta iya aske gashi, sa'an nan a matse tsininta a lanƙwasa ta digiri 90 ba tare da ta karye gida biyu ba. Mai karatu zai lura cewa a ƙarshe su ma tambayar da suke yi ita ce ta makiyayin Bobi.

To, amma kada wani ya ɗauki wannan labari ya ce kome na gida ya fi na waje, domin ba haka ba ne, kuma dattijon da kansa bai yarda da haka ba. Ya ɗauki ruwan wuƙar da ya rage ya ce ƙarfen kirki ne, wanda ya haɗa shi da ƙota ne ya ci amana. Irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a birnin Shefil na Ingila a 1913, ta hanyar zuba wa ƙarfe sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100. Barhon kawu in ya kwana biyu cikin jiƙaƙƙen kube a watan Agusta sai ya tashi ja, sai an goge an shafa masa man kaɗanya. Wannan kuwa ko a rafi ta kwana ba abin da zai same ta. Akwai kuma wuƙaƙen waje da ake yi da ƙarfe guda har gindi, waɗanda za su ci duk wannan jarrabawa su nemi ƙari. Addar nan mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale na Ingila, ai ba yau manoman Afirka ta Yamma suka san ta ba.

Maƙeran gida su ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai mai ɗaukar rodi ko guntun ƙarfen ƙofa ya buga shi ya yi siffar barho, ya goge ya yi ƙyalli, alhali ƙarfen ba shi da kabon ɗin da zai karɓi horo, ko an tsoma shi sau goma. Irinsa yanka uku ya dakushe. Akwai mai gaggawa da ke tsoma sifirin cikin ruwan sanyi ya tsattsage a ɓoye. Shi kansa sifirin ɗin, tunda ya yi shekaru yana ɗaukar lodi a kan ramukan hanya, wani yakan zo da tsagar da ido ba ya gani, sai an gama wahala ta bayyana. Horon ido kuma, kome ƙwarewar mai shi, ba zai fito daidai wa daida kullum kamar na inji ba. Kawu ya ce shi ma an taɓa sayar masa da barhon da ya tsinke a mako na biyu, a wata kasuwa, hannun wani baƙon maƙeri. Bambancin kawai, in na dattijon nan ne, ranar kasuwa mai zuwa yana nan zaune a rumfarsa, za ka ajiye masa gutsattsarin a gabansa mutane na kallo, kuma ya san sunansa ne a kai. Taubashina ya nemi wanda ya sayar masa da tasa a waya, har muka bar garin ba a ɗauka ba.

Da dare ya nuna mini irin hotunan bidiyon da suka ja shi ya saya. Ga wani ƙato yana saran bulo da wuƙa, yana huda murfin mota, yana kafa ta a bishiya ya taka ya hau. Miliyoyin mutane sun kalla. Ni a ganina yawancin wannan wasan kwaikwayo ne, kuma ya fi kama da na masu tallar maganin ƙarfe a kasuwa da ke yanka cikinsu wuƙa ba ta ci. Ba wanda ya san sau nawa aka ɗauki hoton, ko wuƙa nawa aka karya kafin a sami wadda ta tsira, ko kuwa wadda za a aiko maka ita ce irin wadda aka nuna. Bayan haka, wa ke saran bulo a daji? Ƙarfe mai kauri wanda ba shi da kaifin kirki zai ci wannan gwaji sarai, ya kuma kāsa yanka akuya. Gwajin da aka yi a bayan rumfar nan ya fi su gaskiya don kowane mataki nasa aiki ne da ake yi da wuƙa a wannan ƙasa, kuma mai gwadawar shi ne wanda zai ɗauki asarar in ta gaza.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai game da sifirin ɗin. Ƙasar nan ta san narkar da tama tun da daɗewa. A Taruga, kusa da Abuja, masu tonon kayan tarihi sun gano murahun narkar da ƙarfe da suka haura shekara 2,000. Kakannin maƙeranmu da kansu suke haƙo dutsen tama su narka su fitar da ƙarfensu. Da jirgin ƙasa ya iso Arewa, ya kai Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacensa suka yi araha, sai narkar da tama ta mutu a hankali, har yau da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin an yi. Aka ce kamfanin Ajakuta zai wadata mu, an soma aikinsa tun 1979, amma har yanzu bai wadata mu ba. Saboda haka duk gwanintar dattijon nan a kan gawar motocin wasu ƙasashe ta dogara. Ya ce da can direbobi kyauta suke jefo masa karyayyen sifirin, yanzu kuwa 'yan gwangwan sun riga shi, suna auna shi a sikeli su loda a mota a kai wa masu narkawa. Jikan da ke masa zuga ya iya buga lauje da fartanya, amma bai fara ba shi horon barho ba tukuna, don ƙarfen ya yi tsadar da ba a koyo da shi.

Wuƙar taubashina ba a yar da ita ba. Dattijon ya ce ba zai sa ta a wutarsa ba, don irin wannan ƙarfe yana son zafin da ya haura digiri 1,000 kuma launinsa ba ya gaya masa gaskiya. Sai ya aika da ita wurin mai walda, aka yi amfani da injin gurza ƙarfe aka zaftare gindin ruwan ta gefe biyu, ana yi ana tsoma ta a ruwa don kada zafi ya ɓata horonta, har aka fitar da wutsiya mai inci 3. Ya sa mata ƙotar ƙirya da zoben ƙarfe, aka cinye giɓin. Ta koma inci 7. Matar kawu ce ta karɓe ta, ta ce ba ta taɓa samun wuƙar da ke yanka nama da albasa ba ta baƙanta ba sai ita. Kamfas ɗin yana hannun yara.

Da na je sallama, dattijon ya tambaye ni ko gaskiya ne a Kaduna nake aiki. Na ce haka ne, Baba. Ya ce to in na sami sukuni in leƙa Panteka in nemo masa sifirin na tsohuwar babbar mota, irin 911 ɗin nan, kuma in nemi dogon na sama wanda bai taɓa karyewa ba, kada in karɓi wanda aka yi wa walda. Ya ce in rataye shi da igiya in buga masa ƙarfe in saurara kafin in biya.